Rigar Sanyi: Kalma Ɗaya da Muka Ɗora wa Kaya da Yawa

Idan Disamba ta kama, ka shiga wajen 'yan gwanjo a Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ka ce kana son rigar sanyi, mai tebur ba zai miƙo maka komai ba tukuna. Tambayoyi zai fara jero maka. "Alhaji, taka ce ko ta yara? Mai hula ko marar hula? Ta saƙa kake so ko mai zif? Ta hawa babur ce ko ta fita masallaci da asuba?" Sai ka amsa sannan ya sunkuya cikin tulin kaya ya fara zarowa. Abin da zai zaro yana iya zama 'yar suwaita marar nauyi da za ka naɗe ka cusa a jaka, yana kuma iya zama ƙatuwar riga mai kumburi da gashi a bakin hularta, wadda aka ɗinka domin mutumin da yake kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gidansa a Kanada. A bakin mai saye da bakin mai sayarwa, duka biyun sunansu ɗaya.

Kalmar ba ta gaya maka ɗinkin rigar ba, ba ta gaya maka tsawonta ko abin da aka yi ta da shi ba. Aikinta kawai ta faɗa. Dubi sauran rigunanmu: babbar riga, jamfa, taguwa, kaftani, 'yar shara, kowacce ka ambaci sunanta tela ya san yadda zai yanka yadi. Ka je wa tela ka ce ya ɗinka maka rigar sanyi, sai ya ajiye almakashi ya dube ka.

Ginin kalmar kansa abin dariya ne idan ka tsaya a kansa. Ruwan sanyi ruwa ne mai sanyi, amma rigar sanyi riga ce mai ɗumi. Ɗan harafin da ya haɗa kalmomin aikinsa iri ɗaya ne, ma'anar kuwa ta juya baya. Haka muke yi da gidan sauro, wanda shi ne wuri guda a ɗakin da ba a yarda sauro ya shiga ba, haka ma rigar ruwa da ake sawa don kada a jiƙe. Bahaushe yakan raɗa wa abin kariya sunan abokin gabarsa, kuma ba wanda ya taɓa rikicewa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne me ya sa aka ce sanyi, ba a ce ɗari ba. Tsofaffinmu suna bambanta biyun sarai. Ɗari shi ne busasshen nan mai zuwa da iskar hunturu, mai fasa leɓe da dunduniya, mai sa fata ta yi furu-furu. Sanyi kuwa ya fi karkata ga mai laima, irin na bayan ruwan sama ko na bakin rafi, kuma shi ne ya bazu ya shiga ko'ina: ciwon sanyi, sanyin ƙashi, sanyin hali, sanyin gwiwa, sanyin idaniya. A ƙa'ida, abin da muke sa wa riga dominsa a Janairu ɗari ne. Amma ba kasafai za ka ji an ce rigar ɗari ba, kuma a zamanin da ake ciniki ta rubutu a WhatsApp gara haka, domin a rubuce ba a ganin tsawon wasali, sai mai saye ya ɗauka ta naira ɗari kake nufi, ya ce a ajiye masa goma.

Sanyin namu ma a duba shi da kyau. Iskar hunturu tana taso mana daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura mai yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tana kaɗawa daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Maris. A Kano, da asubahin Janairu ma'aunin zafi yakan sauka zuwa wajen digiri 13 a ma'aunin Selshiyos, wani lokaci ƙasa da haka, amma kafin azahar ya haura zuwa kusan 30. Wato cikin yini guda mutum yakan yi rawar ɗari da safe ya nemi inuwa da rana. Jos, wadda take kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ta fi haka sanyi, haka ma Gembu a kan Mambila, kuma can cikin hamada wajen Bilma an taɓa samun daren da ma'aunin ya gangara ƙasa da sifili. Amma ga yawancin ƙasar Hausa, sanyi baƙo ne na 'yan makonni, kuma a cikin makonnin ma na 'yan sa'o'i ne: daga isha'i zuwa hantsi.

Baƙon da zai tafi da hantsi ba a gina masa ɗaki. Shi ya sa kakanninmu ba su ɗinka wa sanyi riga ba, lulluɓa suka yi masa. Gwado, luru, mayafi, bargo, duk abubuwa ne da ake yafawa a yaye su da zarar rana ta ɗaga. Sauran aikin kuma wuta ce take yi: kaskon garwashi a ɗaki, gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, kara da ake kunnawa a ƙofar gida a kewaye ana jin ɗumi ana hira. Kai da kunne kuma akwai rawani da amawali, akwai hula haɓar kada mai sauko wa kunnuwa. Babbar riga kanta, duk yawan yadinta, an tsara ta ne ta bar iska ta ratsa, shi ya sa gefenta yake a buɗe. Duk hikimar ɗinkinmu ta tafi ne wajen yaƙi da zafi, kuma da gaskiyarta, domin shi ne mai gida.

Sau biyu rigar da aka haifa domin sanyi ta shigo ƙasar Hausa da sunanta, kuma sau biyun muka ƙwace ta daga hannun sanyi muka ba ta wani aiki.

Ta farko alkyabba. A arewacin Afirka, irin wannan mayafi mai hula, wanda suke kira burnus, kayan makiyayi ne da matafiyi a duwatsun da ƙanƙara take sauka, ana saƙa shi da gashin tumaki ko na raƙumi. Fatake suka ƙetaro da shi ta hanyar Tarabulus da Gadamus da Gat. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya shigo Kano a 1851 ya lissafa irin waɗannan riguna cikin kayan da ake kawowa kasuwar daga arewa. To amma abin da ya ƙetare hamada a bayan raƙumi ba zai yi arha ba, kuma wanda ya iya sayensa ba shi ne mai kwana a fili ba. Sai alkyabba ta zama ta sarakuna da hakimai da manyan malamai. Yau idan aka ce an sa wa wane alkyabba, naɗi ake nufi. Ana yafa ta a bazara, a tsakiyar rana, a kan doki, mai ita yana zufa dogarai suna yi masa fifita. Ba wanda zai ga sarki cikin alkyabba ya ce ranka ya daɗe sanyi kake ji.

Ta biyu kwat. A Ingilishi kalmar da muka aro ta daga gare ta ita ce a yau sunan doguwar rigar da ake ɗorawa a kan komai idan za a fita cikin sanyi. Amma a bakin telolin Ingila na da, tana kuma nufin rigar saman nan da ake haɗawa da wando iri ɗaya, kuma wannan ma'anar ce ta sauka a nan tare da Turawan mulki da akawunansu. Kwat ta zama rigar ɗan boko, ta lauya da ma'aikacin banki da ango mai son hoto. Idan ka ji an ce "ya sha kwat", ba zancen yanayi ake ba, zancen ofis ake, ko kuma ana yi wa mutum shaguɓe ne. Shi ya sa idan mai fassara ya ga kalmar a labarin Turai ya rubuta kwat, mai karatu yakan hango mutum ya ɗaure wuya zai shiga kotu, alhali marubucin yana nufin wani ya ƙudundune ne yana jiran mota cikin ƙanƙara.

Da waɗannan biyu suka tafi gidan sarauta da gidan gwamnati, sai aka bar talaka da bayani maimakon suna. Daga baya suwaita ta shigo, jaket ta biyo ta. Suwaita ta zauna sosai, har ta kusa zama kishiyar rigar sanyi a bakin mutane da yawa, musamman iyaye mata: duk abin da za a sa wa yaro don kada mura ta kama shi suwaita ne, ko na saƙa ne ko ba na saƙa ba. Asalinta ma abin mamaki ne, domin a Ingilishi daga kalmar zufa aka ciro ta, riga ce mai kauri da 'yan wasa suke sawa a ƙarshen ƙarni na 19 don su yi gumi. Jaket kuwa ta fi zama a bakin samari, kuma tana ɗauke da ƙamshin gayu. A ƙetaren iyaka, Maraɗi da Damagaram da Yamai, wanda ya yi makarantar Faransanci yakan jawo nasa sunayen daga can, amma idan zai yi wa tsohuwarsa bayani, rigar sanyi zai ce.

Gwanjo ne ya cika kalmar har ta yi ƙiba. Kayan da mutanen Turai da Amurka da Koriya da Sin suka gama da su ana tantance su, a matse su cikin dila, a ɗoro su a jirgin ruwa. Najeriya ta daɗe da sa tsofaffin tufafi cikin jerin abubuwan da aka hana shigowa da su, amma Kwatano da Lome ba su hana ba, kuma kowa ya san kayan ba sa tsayawa a can. Suna isa Ƙofar Wambai, suna isa Kasuwar Barci a Kaduna, suna isa Katako a Jos. Wanda ya sayi dila ba ya sanin abin da ke ciki dalla-dalla sai ya fasa, kuma wanda ya haɗa ta a can bai san hunturu ba. Haka rigar wasan zamiya a kan ƙanƙara da rigar masuncin tekun arewa da rigar ma'aikacin titi mai ƙyalli suka zube a tabarma ɗaya. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka kuma saki naira a Yunin 2023, kuɗin dila ya yi tashin gwauron zabo, amma duk da haka gwanjon ne gatan marar gata idan ɗari ya sauko.

Wasu suna dariyar ɗan acaɓa da ya sha rigar ƙanƙara a garin da ko raɓa ba ta daskarewa. Ni ban ga abin dariya ba. Riga ba ta ƙirƙirar zafi, jikinka ne murhun. Aikinta ta riƙe siririyar iskar da jiki ya ɗumama kada ta gudu, shi ya sa mai kumburi ta fi ɗumi, don cike take da iska a tsakanin gashi ko zaren roba. Babban maƙiyin wannan iska kuwa shi ne wata iskar mai kaɗawa, wadda take share ta ta kawo sabuwa mai sanyi. Mutumin da yake tsaye a digiri 13 da wanda yake keta digiri 13 ɗin a kan babur da ƙarfe shida na safe ba sanyi ɗaya suke sha ba. Suwaitar saƙa, duk kaurinta, ƙofofi ne da ita, iska tana ratsa ta kamar rariya. Ɗan acaɓa da mai gadi da direban da yake kwana a tasha sun gano wannan da jikinsu, ba sai an karanta musu ba: abin da suke nema shi ne mai santsin baya da iska ba ta hudawa, mai shafi a ciki. Ba su da suna na musamman da suke kiranta, amma hannunsu ya san ta idan ya taɓa.

Inda kalmar take kasawa shi ne idan ta hau jirgi. Wani ɗan yayata ya samu gurbin karatu a Turkiyya, zai tafi a watan Satumba. Aka gaya wa uwarsa can akwai sanyi, ta shiga kasuwa da kanta ta haɗo masa suwaita uku masu kyau da hular saƙa da safa. Na ce, "Yaya, waɗannan fa na ciki ne, sai an ƙara masa ta waje." Ta ce, "Kai dai da iyayi. Rigar sanyi aka ce, ga su nan har uku, wace ce kuma ta waje?" Ban iya yi mata bayani ba, domin duk kalmar da na ɗauko sai in ga ita ce dai wadda ta riga ta faɗa. A ƙarshen Disamba yaron ya bugo waya daga Ankara yana cewa, "Kawu, wannan ba sanyi ba ne, wani abu ne daban." Ya haɗa ukun ya sa a lokaci guda, iska ta ratsa su ta shiga har ɓargo. Jiki magayi. Abokan karatunsa ne suka ja shi kanti.

A kantin ne ya tarar da abin da harshenmu bai tanada ba. Baturke yana da kazak, wato ta saƙa da ake zurawa ta ka. Yana da hırka, ta saƙa mai maɓalli a gaba. Yana da mont, gajeriya mai tsayawa a ƙugu, wadda sunanta ya samo asali daga Montgomery, janar ɗin Ingila na Yaƙin Duniya na Biyu. Yana da kaban, mai kauri da take sauka ta rufe cinya, sannan palto, doguwa ta ulu, kalmar da za ka sake ji a Rasha, ka ji 'yar'uwarta a Masar, duka daga Faransanci. Idan ka ce wa mai kanti mont ya kawo maka palto, ya yi kuskure, kamar yadda tela zai yi kuskure idan ka ce jamfa ya ɗinka maka kaftani. Wani abin sha'awa, masu bin diddigin kalmomi suna mayar da kaban, ta hanyar Faransanci da harshen tsibirin Sisili na Italiya, zuwa kalmar Larabci ƙaba'i, wadda ita ce dai ake danganta alkyabbarmu da ita. 'Yan gida ɗaya ne: ɗaya ta yi arewa ta ci gaba da aikin gado a jikin matuƙan jirgin ruwa, ɗaya ta yo kudu ta auri sarauta.

Turawan ma ba su ne suka fara ba. Manyan sunayen rigunan ƙanƙara guda biyu da Ingilishi yake taƙama da su aro ne. Parka ta fito daga harshen Nenets, makiyayan barewar ƙanƙara na arewacin Rasha, ta ratso ta Rashanci. Anorak daga harshen mutanen Girinlan take. Waɗannan su ne mutanen da sanyi yake mai gida a wurinsu, suka ɗinka riga da fatar barewa da ta dabbobin teku, suka sa gashi a bakin hula don ya karya iska kafin ta taɓa fuska. Matan Inuwit, wato mutanen Girinlan da arewacin Kanada, suna da wata mai suna amauti, wadda aka yi wa faɗi a baya domin a goya jariri a cikinta, jikinsa yana manne da na uwa. Abin da zani da majanyi suke yi a nan, can riga ce take yinsa. Gashin nan da muke gani a bakin hular rigar gwanjo muna ɗauka ado ne, ragowar wannan ilimi ne. Ita kuma mai kumburin da aka ɗinke gida-gida don kada gashin tsuntsun da ke ciki ya taru wuri ɗaya, wani Ba'amurke mai suna Eddie Bauer ne ya yi rajistar ƙirarta a 1940, bayan sanyi ya kusa kashe shi a wajen kamun kifi.

Ban yarda da masu cewa wannan gibi ne a Hausa da ya kamata a kafa kwamiti a cike shi ba. Harshe yana yawaita suna ne a inda rayuwa ta matsa masa. Mu da muke da gero da maiwa da dawa da kaura, muke da yayyafi da tsattsafi da mamako, ba za a ce mun rasa basirar raba abu gida-gida ba. Kuma kasuwa ta riga ta yi abin da take bukata: mai hula, mai zif, mai gashi, mai kumburi, ta saƙa, ta leda. Waɗannan siffofi ne, amma da haka suna yake farawa, kamar yadda 'yar shara da 'yar ciki suka fara.

Damuwata tana wajen masu fassara da masu ba da labari. Mun saba fassara lokacin sanyin Turai da hunturu, alhali hunturu iska ce busasshiya mai hazo, nasu kuwa jiƙaƙƙen sanyi ne mai gajeriyar rana, wanda ba ya tafiya da hantsi, ba ya tafiya da azahar, yana nan wata uku ko huɗu. Lokacin da girgizar ƙasa ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, mutane sun kwana a fili cikin daren da ruwa yake daskarewa. Idan aka ce wa mai sauraro a Gumel ko Tasawa waɗanda suka tsira suna bukatar barguna da rigunan sanyi, abin da zai hango shi ne safiyar Janairu a garinsu, ya ce Allah sarki, za su sha mura. Ba zai hango cewa sanyin kansa yana iya kashe wanda gini bai kashe ba. Ƙarin kalma biyu ko uku ya isa: a ce sanyi mai daskarar da ruwa, a ce riguna masu kauri na ƙasashen ƙanƙara.

Ɗan yayar tawa ya dawo hutu da mont ɗinsa a jaka. Uwar ta ɗaga ta, ta juya ta, ta matsa kumburin da hannu, ta ce, "Au, wannan ai irin ta 'yan acaɓa ce." Yanzu idan ya tafi da damina yakan bar ta a gida, sai ya sayi wata a can, domin mahaifinsa ya gano tana da daɗin fita sallar asuba. Yana ɗora ta a kan jallabiya, ya ja zif har wuya, ya kawo hula haɓar kada ya sa.